Shekara shida ina bin bututu a cikin jirgin ruwa

Assalamu alaikum jama'a. Kwana biyu kun ji ni shiru, muna kan ruwa ne kuma sabis a can sai a hankali, shekaranjiya na sauko hutu. Abin da ya taso da wannan rubutun kuwa, wani abokina ne da muka koyi aikin famfo tare a Kaduna ya zo min sannu da zuwa, muna cikin hira yake ce min wai shi fa har yau bai gano abin da mai gyaran famfo yake tsinanawa a cikin jirgin ruwa ba, tunda ga ruwa nan gabas da yamma sai dai mutum ya zura guga ya ɗiba. Na fara yi masa bayani har aka kira magariba ban kai rabi ba, shi ne na ce to bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, don na san ba shi kaɗai ne ke wannan tunanin ba.

Ni ɗan Yauri ne, a bakin ruwa na tashi. Kawuna yana da jirgin katako da yake lodin mutane da buhuna ranar kasuwa, kuma aikin farko da na fara yi a duniya shi ne kwalfar ruwa, a zaunar da kai a tsakiyar jirgi a miƙa maka yankakkiyar jarka, daga tashi har sauka kana kwalfa kana watsawa waje, hannunka ya yi fari fat ya yamutse. Daga baya aka kai ni Kaduna koyon sana'a, na yi shekaru ina ɗora tankin sama, ina saka sumo a bohol, ina haɗa banɗaki da sokawe. Neman abinci ya kai ni Legas, na samu shiga wani wurin gyaran jiragen ruwa, daga nan na yi kwasakwasan da ake buƙata na samu takardu, yanzu shekara shida kenan ina aiki a wani matsakaicin jirgin dakon mai da ke zirga-zirga tsakanin Legas da Lome da Tema. Mu 18 ne a ciki, kuma duk wani bututu da ya yi yoyo ni ake ƙwalawa kira.

Abu na farko da ya fara rikita ni shi ne, duk ilimin da na zo da shi daga gida a kan gangara aka gina shi. A gida ka ɗora tanki a sama ruwa ya sauko da kansa, ka ba bututun banɗaki ɗan gangare ƙazanta ta tafi da kanta. To a jirgi babu wani abu wai shi daidai, yanzu ya karkata dama anjima hagu, in an sauke kaya gindinsa ya nutse hancinsa ya ɗaga, bututun da ka ba gangare da safe da yamma sai ka ga ya zama hawa. Kuma ba a son nauyi a sama don kar jirgi ya rasa daidaito, saboda haka tankunan ruwan sha ba a kan rufi suke ba. Abin da ke tura ruwa har hawa na huɗu wani tulun ƙarfe ne da muke kira haidirofo, rabinsa ruwa rabinsa iska a matse, famfon lantarki ya cusa ruwa ciki iskar ta ƙara matsuwa, in ka buɗe kan famfo a ɗakinka iskar nan ce ke turo maka ruwan, matsi na sauka inji ya tashi da kansa, yana kaiwa inda aka saita ya mutu. Ranar da ka ji famfon yana tashi yana mutuwa kamar mai shaƙuwa to iskar ce ta tsere, sai ka je ka ƙara mata tun kafin motar famfon ta ƙone. Yanzu ko barci nake in sautin nan ya canza sai na farka.

Bututan ma kowanne da launin da ake ɗaura masa don kar a yi kuskure, shuɗi ruwan daɗi, kore ruwan teku, ja na kashe gobara, baƙi na ƙazanta, ruwan ƙasa na man inji. Satin farko cif injiniya bai bari na taɓa sufana ba, fitila da littafi ya ba ni ya ce in bi kowane layi daga inda ya faro har inda ya ƙare in zana da hannuna, ina rarrafe a ƙarƙashin farantan ƙarfen da ake takawa cikin zafi da ƙauri. A lokacin na ɗauka wahalarwa ce, amma littafin nan har yau yana cikin jakata kuma ya fitar da ni kunya ba sau ɗaya ba.

Sai maganar guga da abokina ya yi. Ruwan teku duk lita ɗaya akwai gishiri kusan giram 35 a ciki, ƙodar ɗan adam ba za ta iya fitar da wannan gishirin ba sai ta haɗa da ruwan da ya fi wanda ka sha yawa, wato kana sha kana ƙara bushewa. Don haka ko dai ka sayo ruwa daga tudu ko ka ƙera naka. Mu muna da injin dafa ruwa, kuma dabarar da ke cikinsa tana burge ni har gobe. Babban injin jirgi ana sanyaya shi da ruwa, ruwan yana fitowa da zafi wajen digiri 80, maimakon a zubar da zafin nan a banza sai a bi da shi ta jikin wata tukunya da aka zuƙe iskar cikinta, kun san in babu matsin iska ruwa ba ya jiran digiri 100 kafin ya tafasa, tun wajen 50 ko ƙasa da haka yake tashi. Tururin ya hau sama ya bar gishiri a ƙasa, a sanyaya shi ya koma ruwa. Akwai wata 'yar na'ura a bakin hanya da ke auna gishiri, da ta ji ya wuce ƙa'ida za ta yi ƙara ta juyar da ruwan kar ya shiga tanki. Wasu jiragen kuma matsa ruwan tekun suke yi ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi da ƙarfin da ya kai 55 zuwa 70 a ma'aunin matsi da ake kira bar, ruwa ya wuce gishiri ya tsaya, ku kwatanta da tayar mota da iskarta ba ta wuce bar 2 da ɗan wani abu ba. Ruwan da aka dafa ɗin nan salam yake ba ɗanɗano, kuma yana cin bututu, sai an bi da shi ta cikin tsakuwar farar ƙasa ya ɗebo sinadari, sannan ya wuce ta gaban fitilar kashe ƙwayoyin cuta kafin ya isa kofi. Na wanka kuma tukunyarsa ba ma bari ta sauka ƙasa da digiri 60, saboda akwai wata ƙwayar cutar huhu da ke son ruwa mai ɗumi-ɗumi da ya kwanta a bututu, an fara gano ta ne bayan ta kashe mutane a wani taron tsoffin sojoji a Filadelfiya ta Amurka a 1976. Shi ya sa ɗakin da ba kowa a ciki ma duk sati nake shiga in saki shawa ta zuba na 'yan mintuna.

Matsalar injin dafa ruwan nan ita ce sai babban inji na aiki yake samun zafi, kuma ba a kunna shi kusa da gaɓa saboda ƙazantar gari da ta masana'antu, tunda tafasar digiri 50 ba ta isa ta kashe ƙwayoyin cuta ba. To mu kuma rabin rayuwarmu a tsaye muke a wajen Legas mun jefa anga muna jiran layin shiga, ga fitilun gari kana hange da dare amma tsakaninka da su sai ido.

Wata damina abin ya same mu. Tankuna biyu gare mu na ruwan daɗi, tan 60 kowanne, tan ɗaya lita 1,000 kenan, jarka 40 irin ta 'yan garuwa mai lita 25. A rana muna shan kamar tan 5 da girki da wanki da komai. Mun taso daga Tema cikin watan Yuli teku na ta hauka, igiyar ruwa na hawowa bayan jirgi tana wankewa, muka iso muka jefa anga muna amfani da tankin dama har ya kusa ƙarewa, na je na juya bawul zuwa na hagu. Washegari da asuba kuku ya aiko a kira ni, na same shi riƙe da kofin shayi ya ce ɗanɗana. Na kurɓa na ji zartsi har maƙogwaro. Na zura tef ɗin awo a tankin sai na ga ruwan ma ya fi yadda na bar shi yawa, nan gabana ya faɗi don tanki ba ya ƙaruwa da kansa. Kowane tanki yana da bututun shaƙar iska da ke fitowa saman jirgi, a kansa akwai wata ƙwallo da in igiyar ruwa ta rufe wurin take tasowa ta toshe ƙofar. Na kwance murfin, kusoshin duk sun ci tsatsa sai da na sa guduma da kurfi, na ciro ƙwallon na girgiza ta a kunnena na ji ruwa na ƙara a cikinta, ta hudu a gefe, hujin bai fi kan ashana ba, ta cika ta nutse ta daina tasowa. Duk igiyar da ta hau mu daga Tema sai da ta zuba rabonta a cikin ruwan shanmu. Kuma laifin har da ni, don duba kawunan nan yana cikin aikina, na ga fenti lafiya lau a waje ban buɗe ba. Na je na faɗa wa cif da bakina.

Abin da ya rage mana mai kyau bai kai tan 8 ba, kwale-kwalen da ke kawo ruwa kuma aka ce sai an jira. Kyaftin ya sa aka rufe layi, ana buɗewa minti 30 da safe minti 30 da yamma, kowa bokiti ɗaya. Na jawo tiyo daga inda na'urar sanyaya ɗakuna ke ɗigar da ruwa na tara a duro, da shi aka riƙa wanki, in hadari ya taso kuma mu shimfiɗa tamfol. Mu huɗu ne musulmi a jirgin, wani yaro ɗan Ilori ya zo ya same ni ya ce Alhaji yaya za mu yi da alwala, a nan na tuna hadisin da muka karanta a Muwaɗɗa tun muna makarantar dare, wanda wani mutum ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa suna hawa teku da ɗan ruwa kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, ko za su iya yi da ruwan teku, aka ba shi amsa cewa ruwansa mai tsarkakewa ne kuma mushensa halal ne. Wallahi na sha jin hadisin nan amma ban taɓa jin sa a jikina ba sai ranar, tambayar da wani matuƙi ya yi shekara sama da 1,400 ita ce dai tamu ba ƙari ba ragi. Muka ɗaura guga a igiya muka riƙa cika butocinmu, in ka kuskure baki ka ji kamar ka tauna kanwa, ido na yaji, in ka bushe gishiri ya yi fari a gashin hannu, sabulu kuwa ko kumfa ba ya yi. Kwana 9 muka yi a haka. Da ruwa ya zo sai da na shiga tankin hagu da kaina bayan an auna iskar ciki an tsayar da mutum a bakin ƙofa, muka wanke shi tas muka zuba kulorin muka ɗauraye kafin a cika.

Banɗaki kuma wani karatun ne daban. Namu na zuƙa ne, irin na jirgin sama, ka danna ka ji fuuut, da ruwa kamar lita ɗaya ya tafi da komai, alhali na gida yana cin lita 6 zuwa 9. Bututunsa siriri ne, inci 2, ba irin mai inci 4 da muke sakawa a gidaje ba, kuma tunda iska ce ke ja yana iya yin sama ma. Amma fa duk layi ɗaya ne, mutum ɗaya ya jefa tsumma ko buroshin haƙori ko audugar kunne to kowa a wannan hawan ya shiga uku, ni kuma in bi bututu ina ƙwanƙwasawa da sufana ina saurare har in gano inda sautin ya toshe. Ga wani dutse-dutse da fitsari ke tarawa a ciki a hankali har hanyar ta koma kamar ta yatsa. Mu masu tsarki da ruwa sai ka koya wa sabon zuwa kar ya cika kwanon da buta uku kafin ya danna. Kuma in wuta ta ɗauke zuƙa ta tsaya, shi ne abin da ya faru da jirgin shaƙatawa Carnival Triumph a watan Fabrairun 2013 a tekun Meksiko, gobara ta tashi a ɗakin inji lantarki ya mutu, mutum sama da 4,000 suka kwana huɗu banɗakuna ba sa aiki har aka jawo su zuwa Mobil ta jihar Alabama.

Ƙazantar ba a teku ake juye ta kai tsaye ba yadda mutane ke zato. Akwai yarjejeniyar MARPOL ta hukumar kula da sufurin teku ta duniya mai hedikwata a Landan, sashe na huɗu da ya fara aiki a 2003 shi ya yi magana a kan wannan. Wadda ba a sarrafa ba sai jirgi ya yi nisan mil 12 na teku daga ƙasa, kusan kilomita 22 kenan, kuma yana cikin tafiya, a sake ta a hankali. Wadda aka niƙa aka sa mata magani mil 3. Mu muna da 'yar sokawe ta ƙarfe da ake hura wa iska dare da rana don ƙwayoyin da ke cinye ƙazantar su rayu, in wani ya zuba bilic da yawa a masai ya kashe su, kwana biyu wari ya hana kowa sakat.

Duk wannan da na lissafa wahala ce kawai, ba ta kisa nan take. Wanda ke hana ni barci shi ne koren layi. Mutane ba su san cewa kowane babban jirgi da gangan aka huda shi a ƙarƙashin ruwa ba, dole ruwan teku ya shigo ya sanyaya inji, ya cika tankunan daidaita nauyi, ya ba famfon gobara. Inda yake shigowa wani akwati ne a jikin jirgi mai raga a waje, sai babban bawul, sai rariya mai kwando. A gida bututu ya fashe ka ruga ka rufe na tanki, in ma ka makara tanki ya ƙare ruwa ya tsaya. Nan kuwa tankin naka teku ne. Huji mai faɗin santimita 5 a zurfin mita ɗaya yana shigo da sama da lita 300 a minti ɗaya, wato kurar ɗan garuwa guda cike da jarkoki duk minti, ba tsayawa. Ga gishiri na cin ƙarfe ta ciki inda ba ka gani, in ka haɗa ƙarfe iri biyu a ruwan gishiri ɗaya sai ya cinye ɗaya kamar batir, shi ya sa ake liƙa dunƙulen tutiya don gishiri ya cinye ta a madadin jirgi. Bawul ɗin farar tagulla irin na kasuwa da muke sakawa a gidaje, in ka sa shi a layin teku sai tutiyar cikinsa ta zube ya koma ja-ja, a ido yana nan lafiya, ka ɗora sufana ya ɓare kamar biskit. Duk wanda ke da ƙaramin jirgi mai inji a ciki ina roƙonsa kar ya yi arahar nan, kuma kowane tiyo da ke ƙasan ruwa a ɗaure shi da maɗauri biyu, a rataye turken katako mai tsini a kusa wanda za a buga in ya cire.

Rariyar nan kuma in muna cikin Apapa kusan kullum sai na buɗe ta. Abin da nake cirowa, ledar fiya wata ce ta fi yawa, sai robar lemo, silifas, kainuwa, ƙananan kifi da kaguwa. Ranar da ta toshe muna tsakiyar juyawa a mashiga zafin inji ya fara hawa, da gudu muka koma akwati na biyu da muke da shi. Tun daga lokacin ban ƙara shan ruwa na yar da leda a kwata ba, don na ga inda take ƙarewa.

Can ƙasan ɗakin inji kuma akwai 'yan rijiyoyi inda duk wani ɗigo ke taruwa, kowacce da ƙararrawa mai tasowa da bakin famfon zuƙa. Ruwan wurin haɗe yake da mai, ba a fitar da shi sai ya bi ta injin rabewa man da ke cikinsa ya sauka ƙasa da kashi 15 cikin miliyan, kuma a rubuta a littafi a sa hannu. Duk Asabar nake sauka in ɗaga ƙararrawar da hannu in ji ta yi kuka, in zura hannu in kwashe tsumma da guntun waya daga bakin famfon. Aiki ne na ƙazanta da ba mai gani balle ya yaba, amma labarin da zan faɗa yanzu shi ya sa ba na wasa da shi.

A daren 2 ga Fabrairun 2006 jirgin fasinja Al-Salam Boccaccio 98 ya tashi daga Duba ta Saudiyya zai tsallaka Bahar Maliya zuwa Safaga ta Masar, da mutum kusan 1,400, yawanci 'yan ci-rani ne masu komawa gida, da wasu da suka fito aikin hajji. Gobara ta tashi a hawan da ake ajiye motoci. Ma'aikata suka yi abin da kowa zai yi, suka yi ta antaya ruwa. To hawan motoci fili ne fetal daga wannan gefe zuwa wancan, kuma ruwan da aka zuba ta 'yan magudanai na gefe ya kamata ya koma teku, sai magudanan suka toshe. Ruwa ya taru, jirgi ya ɗan karkata, duk ruwan ya gangara ɓangare ɗaya ya ƙara karkatar da shi, ana ƙara zubawa yana ƙara kwanciya, har ya kife cikin dare ranar 3 ga wata. Mutum sama da 1,000 suka rasu, Allah Ya jiƙansu da rahama. Akwai sauran kurakurai a lamarin, na ƙin juyawa baya da na rashin sauke mutane da wuri, amma ni a matsayina na mai famfo inda idona ke tsayawa kenan, ƙarfen jirgin bai huje ba, ruwan da suka ɗebo da hannunsu don ceto ne ya rasa hanyar fita. Duk wanda ya taɓa ɗaukar faranti cike da ruwa ya san yadda yake, da ya ɗan karkace shi kenan ya ƙwace maka. Ruwan da ke cike a tanki ba ya wannan, wanda ke kwance yana yawo shi ne mugun.

Kuma wannan ne ya dawo da tunanina gida. Jiragenmu na katako a Yauri da Ngaski da Shagunu da Malale duk suna shan ruwa, ba wanda ba ya sha, ana cusa tsumma da auduga a tsagun a shafe da kwalta amma gobe ya dawo. Ruwan yana kwanciya ne a ƙarƙashin buhuna da babura inda ba mai gani, jirgin da aka riga aka loda har bakinsa saura tafin hannu ya taɓa ruwa, ga nauyin ruwan ciki yana ƙara danna shi, ga shi yana gudu gefe duk sanda aka juya. Ga kututturan itatuwa da tafkin Kainji ya shanye tun da aka gama dam a 1968 suna nan tsaye a ƙasa suna jiran katako. Ba wanda ya manta da ranar 26 ga Mayun 2021 da jirgi ya taso daga Lokon Minna zai zo Wara da mutum sama da 150, waɗanda suka tsira ba su fi ashirin da 'yan kai ba. Ba ina cewa famfo ne zai hana wannan ba, lodi ya yi yawa jirgin kuma ya tsufa, maganinsa rage lodi da sa rigar ruwa da daina tafiyar dare. Amma a kullum, a tafiyar da ba ta shiga labarai, duk abin da ke tsakanin fasinja 60 da ruwa yaro ne ɗan shekara 10 da yankakkiyar jarka, wanda in an cika lodi ma ba ya samun inda zai zura hannu sai wuri ɗaya, kuma yana gajiya, na sani don na yi.

Hutun bara na sayo famfon hannu irin na jirage a Legas, mai fatar roba a ciki da mariƙi da ake ja sama da ƙasa, ba ya son wuta ba ya son fetur, na kai wa kawu. Da farko ya juya shi ya ce, ɗan nan, ni shekara arba'in ina kan ruwan nan da jarka, wannan kuma na mene ne. Na ce kawu ka bar ni in ɗaura, in bai yi maka ba ka cire. Muka jawo jirgin bakin gaɓa, na zuba bokiti biyu a ciki don in ga inda ruwa ke taruwa, wajen kashi biyu cikin uku ne daga gaba, nan na kwantar da bakin tiyo mai inci ɗaya da rabi, na sa masa gwangwanin madara da na huhhuda da ƙusa don ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayi kar su shiga, na buga katako biyu a kansa yadda buhu ba zai danne shi ba. Na lura kuma haƙarƙarin jirgin sun raba ƙasan gida-gida ruwa ba ya wucewa daga wannan zuwa wancan, na nemi izininsa na ɗan fafe ƙananan hanyoyi a ƙarƙashinsu, bai so ba amma ya bari. Famfon na ɗaure shi a baya kusa da mai riƙe da inji, tiyon fita ya leƙa ta saman gefe. Muka cika ƙasan da ruwa da gangan, jikansa ya kama jarka ni na kama mariƙi, kafin yaron ya kai rabi a ɓangarensa ni na ji gwangwani na zuƙar iska. Kawu bai ce komai ba, ya karɓi mariƙin ya ja sau biyar yana kallon bakin tiyo, sannan ya ce wa yaron ya dai ajiye jarkar kusa kar ya yar, ni ma na ce haka ne kawu, a bar ta.

Da na kira shi daga Lome watan jiya ya ce famfon ya fara ja da ƙyar, ina jin fatar ce ta tsage ko yashi ya shiga bawul ɗin ciki, ya kuma ce mutum biyu a tasha sun tambaye shi nawa ne kuɗinsa. Na sayo fata biyu da maɗaurai, jibi in sha Allahu zan hau motar Yauri, wannan karon jikan nasa zan zaunar ya kwance shi da hannunsa ya mayar ina kallo.